Kifayen Farfesa Ɗari da Arba'in da Bakwai

A unguwar da ke gangaren tafki akwai wani mutum da ake kira Farfesa. Ya kamata a faɗi gaskiya tun daga farko: bai taɓa koyar da kowa komai ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana shara a wata cibiyar binciken kifi da ke birni, yana goge tebura, yana wanke kwalabe, yana kwashe matattun kifaye idan masu bincike sun tashi. Da aka rage ma'aikata, ya dawo gida da abu uku: tsohon tabarau, agogon hannu mai ƙirga daƙiƙa, da kalmar "sakamako", wadda yake sakawa a kowace magana ko ta dace ko ba ta dace ba.

Abu ɗaya ne bai dawo da shi ba, kuma shi ne ya tsaya masa a rai, wato farar riga irin ta masu bincike. Duk tsawon shekarun nan yana rataye wa wasu ita a ƙusa, ba a taɓa barinsa ya zura hannu a ciki ba.

Kowace safiya yakan fitar da benci ƙofar gida, matarsa ta dafa shayi a babbar buta, sai tela da mai aski da mai faci su zo su zauna. Shi ke magana, su ke sha.

"Ni idan na kalli kifi sau ɗaya," in ji shi, "na san abin da yake tunani."

"Babu shakka, Farfesa," in ji tela, yana miƙa kofi. "A ɗan ƙara mini."

Matarsa ce kaɗai a unguwar ba ta kiransa Farfesa. Malam take ce masa, shi ma a taƙaice.

Wata ranar Talata wata mota ta tsaya a bakin tafki, aka sauke tankunan gilashi guda huɗu a wani ɗaki da aka daɗe da rufewa. Mai kayan wata mata ce mai bincike, kowa ya kama kiranta Dakta. Ta sanar cewa tana neman mutum ɗaya da zai riƙe mata ɗakin, a ba shi makulli, a ba shi farar riga. Mutum biyu suka fito. Na farko Farfesa. Na biyu ƙanin matarsa, wani masunci da ake kira Shiru, saboda yakan wuni bai furta kalma ashirin ba.

Dakta ta zaunar da su ta yi musu bayani. Ta ce kifaye ma kowa da halinsa, akwai mai ƙarfin hali, akwai matsoraci, kuma tana so ta san yadda na wannan tafkin suke. Za ta koma birni ta kwaso sauran kaya, sai bayan mako uku za ta dawo. Kafin nan kowannensu zai yi gwaji. Zai kamo kifi da rai, ya sa shi a baho mai ruwa, ya kifa masa rabin tukunya ya ɓuya a ƙarƙashi, ya zuba abinci a ɗaya gefen, sannan ya duba agogo ya ga tsawon lokacin da kifin zai ɗauka kafin ya fito ya ci. Mai saurin fitowa jarumi ne, mai jinkiri matsoraci. Idan an gama sai a mayar da kifin ruwa. Ta ba kowa littafi da biro, ta ce wanda aikinsa ya fi kyau shi ne mai makulli.

"Sai dai abin da ya fi komai muhimmanci," in ji ta, "shi ne yadda za ku kama su. Kada ku..."

"Dakta, kada ki wahalar da bakinki," in ji Farfesa, ya ɗaga hannu. "Wannan aiki ni da shi mun tsufa tare. Yi wa yaron nan bayani, shi ne sabon shiga."

Yaron da yake nufi, wato Shiru, shekararsa arba'in da ɗaya. Farfesa ya tashi ya fita domin ya nuna wa direban Dakta yadda ake ɗaukar tankin gilashi. Ita kuwa ta ci gaba da yi wa Shiru bayani har na minti goma, Shiru yana gyaɗa kai.

Da ya koma gida, Farfesa ya tsara shirinsa a fili, a gaban matarsa.

"Shiru zai ja taru, ya shiga taɓo har wuya, kamar yadda ya saba. Wannan aikin ƙarfi ne. Mai ilimi ba ya bin kifi. Zama yake yi, kifi ya zo ya same shi."

"To da me za ka kama su, Malam?"

Ya waiga. Idonsa yana kan kejin kajinta.

Kafin azahar kaji tara suna yawo a tsakar gida, keji kuwa ya zama tarko: an toshe gefe uku, an bar ƙofa ɗaya mai sauƙin shiga da wuyar fita, an ɗaura masa igiya. Abincin da zai jawo kifi kuma dusar kajin ce. Baho na wankinta ne. Saura rabin tukunya. Ya zagaya gidan bai sami fasasshiya ba, saboda haka ya ɗauki lafiyayya ya raba ta biyu.

"Tukunyar ruwana ce ka fasa?"

"Ban fasa ba, Uwargida. Na raba ta ne. Fasawa tsautsayi ne, wannan kuwa da niyya na yi."

Ya zaɓi wani wuri mai inuwa a ƙarƙashin bishiya, inda akwai dutse mai daɗin zama. Ya jefa tarko da dusa a ciki, ya zauna ya harɗe ƙafa. Bayan sa'a biyu ya ja igiya, sai ga kifaye bakwai: karfasa shida da tarwaɗa ɗaya, wadda gashin bakinta na hagu ya guntule. Ya kai su gida a bokiti, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya kai minti ɗaya a ƙarƙashin tukunya. Tarwaɗar ma daƙiƙa tara ta yi. Ya rubuta komai da kyakkyawan rubutu, ya mayar da su ruwa daidai inda ya kamo su, kamar yadda Dakta ta ce.

Washegari ya koma ƙarƙashin bishiyar. Bakwai. Rana ta uku, bakwai, kuma a cikin rabin sa'a.

A rana ta huɗu matarsa ta zo neman bahonta, ta tsaya tana kallon ruwan.

"Malam, wannan ba ita ce ta jiya ba?"

"Wace?"

"Tarwaɗar nan mai guntun gashin baki."

"Kifaye kama suke yi da juna," in ji shi, bai ɗago kai daga littafi ba. "Wanda bai yi karatun abin ba sai ya ɗauka guda ce."

"Ta shekaranjiya ma guntun gashin baki gare ta."

"To kin ga sakamako ke nan. Tarwaɗar tafkin nan haka take."

Ya rubuta hakan ma, ya ja layi a ƙarƙashi.

Kaji, da suka rasa keji suka kuma rasa dusa, suka ƙaura zuwa shagon tela. Ɗaya ta yi ƙwai a cikin kwandon ƙyallaye, wata ta bar shaida a kan yadin wani ango. Tela ya zo da niyyar faɗa, amma ya tarar an sauke buta, sai ya ga ya fi kyau ya sha tukuna. Bayan kofi na biyu ya ce ai kaji ba su da hankali, ba a riƙe su a zuciya.

A mako na biyu aikin ya ƙara sauƙi. Kifaye suka daina jiran sa'a. Da zarar tarko ya taɓa ruwa sai igiya ta fara rawa. Wata safiya tarwaɗa ta maƙale a ƙofar tarko, kai a ciki, ciki a waje, sai da Farfesa ya aro filaya wurin mai faci ya faɗaɗa ƙofar. Ya rubuta: "Kifin tafkin nan yana girma da sauri ƙwarai." A baho kuwa tarwaɗar ta daina shiga ƙarƙashin tukunya gaba ɗaya. Da an sa ta sai ta wuce kai tsaye gefen da ake zuba dusa, ta buɗe baki tana jira. Farfesa ya daɗe yana tunanin abin da zai rubuta a gurbin lokaci. Daga ƙarshe ya sa: "Ta fito kafin ta shiga."

Sau ɗaya ya hango Shiru a can nesa, ruwa har ƙirji, yana jan taru shi da abokan sana'arsa. Wata rana kuma ya gan shi a kan kwale-kwale da fatsa, wata rana a cikin ciyayi yana dasa tarko.

"Kai, Shiru! Nawa ka samu?"

"Uku, Yaya."

"Uku! Ni bakwai, ko ƙafata ba ta jiƙe ba. Idan na karɓi makulli zan riƙa barinka kana share ɗakin. Ba zan manta da dangi ba."

"To, Yaya."

Ranar da ya cika kwana goma sha biyu, Farfesa ya gayyaci mutanen benci su zo su gani da idonsu. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa zuwa gwiwa a ƙarƙashin bishiyarsa, ya buɗe tafin hannu da dusa. Tarwaɗa ta taso ta ci a hannunsa, karfasa suna zagaya ƙafafunsa. Mai aski ya riƙe baki. Mai faci ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin haka ba. Kafin yamma labari ya cika unguwa, har an ƙara masa cewa kifaye suna gaishe shi.

Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma washegari ya sa tabarau, ya ɗauki littafi, ya nufi rumfar masunta, inda shugabansu yake zaune yana ɗinke raga. Shugaban dattijo ne da ya shekara hamsin a kan ruwa.

"Baba, na zo in sauƙaƙa muku wahala," in ji Farfesa. "Wannan raɗe-raɗin da kuke yi a kan ruwa, da tuƙi a hankali, da hana mutum tari, duk ɓata lokaci ne. Bincike ya nuna kifin tafkin nan ba ya tsoron komai. Na gwada tamanin da huɗu, ban sami matsoraci ko ɗaya ba."

Dattijon bai daina ɗinki ba.

"Tamanin da huɗu," in ji shi. "Ni kuwa jiya inuwata kawai ta faɗa ruwa, na rasa abincin rana."

"Wannan camfi ne, Baba. Ba ka da shi a rubuce."

"Ba ni da shi. To ga ruwa nan bayan rumfa. Shiga ka kira mana su, mu ma mu huta."

Farfesa ya cire agogo ya ba mai aski, wanda ya rako shi, ya riƙe, ya cika hannu biyu da dusa, ya shiga. Wurin ba kamar ƙarƙashin bishiyarsa yake ba. Taku uku ruwa ya kai masa ƙirji, taɓo ya riƙe takalminsa na dama. Ya miƙa hannuwa, ya tsaya. Masunta kusan ashirin suka ajiye aiki suka jeru a gaɓa.

Minti goma, babu komai. Minti talatin, babu komai.

"Farfesa, ko mu yi musu sallama?" wani ya tambaya.

"Ku yi shiru, kuna korar su!"

"Af," in ji dattijon. "Na ɗauka ba sa tsoro."

A minti na arba'in da biyar wani abu ya motsa a cikin ciyayi. Farfesa ya ɗaga murya ya ce kowa ya shaida. Agwagi ne guda biyar. Suka kewaye shi suka cinye dusar tas, babbar cikinsu ta ƙara da ɗan yatsansa. Ya fito da takalmi ɗaya, ya karɓi agogonsa, ya dubi jama'a da natsuwa.

"Sakamako a fili yake," in ji shi. "Kifayen wannan gefen sun ƙoshi."

Mai faci, wanda ya yarda da binciken da zuciya ɗaya, ya riga ya ari kwale-kwale tun safe, ya tafi kamun kifi da rediyonsa a kunne har ƙarshen murya. Ya dawo da la'asar babu kifi, babu rediyo, domin ta zame ta faɗa ruwa lokacin da yake leƙen dalilin da ya sa ba su zo ba. Ya iso gidan Farfesa yana huci.

"Ka ce ba sa tsoron ƙara!"

"Wace tasha ka kama?"

"Ina ruwan kifi da tasha?"

"To ka gani. Ka yi gwaji ba tare da tsari ba, kuma kana so ka ɗora wa ilimi laifi. Uwargida, a kawo masa shayi."

Aka kawo, ya sha, ya yarda cewa wataƙila tashar ce.

Ranar da Dakta ta dawo, Farfesa ya tashi da wuri ya sa mai aski ya gyara masa fuska. Ya sa tela ya auna faɗin kafaɗarsa, ko da rigar za ta buƙaci gyara. Ya gayyaci unguwa gaba ɗaya zuwa ƙofar ɗakin bincike, har da masunta, domin a cewarsa ya kamata su ji da kunnensu. Matarsa ma ta zo, amma ta ce ita bahonta ta biyo. Farar riga tana rataye a ƙusa a bakin ƙofa, makulli a aljihunta.

Dakta ta fara buɗe littafin Farfesa. Ta yaba rubutun. Ta juya shafi, ta sake juyawa, sannan ta koma farko.

"Ɗari da arba'in da bakwai," in ji ta.

"Cif," in ji Farfesa. "Dukkansu jarumai."

"Kullum bakwai?"

"Ilimi yana son tsari, Dakta."

"Kullum karfasa shida da tarwaɗa ɗaya?"

"Haka tafkin ya tsara kansa."

"Da me ka kama su?"

"Tarko. Ni na ƙera shi."

"Kejina ne," in ji matarsa daga baya.

"Tarko kawai?" in ji Dakta. "A wuri nawa?"

"Wuri ɗaya, mafi kyau a duk tafkin. Akwai inuwa."

Dakta ta rufe littafin a hankali, ta ce tana so ta ga wurin. Jama'a suka ɗunguma zuwa ƙarƙashin bishiya. Farfesa ya jefa tarko da irin jifan da ya yi kwana uku yana gwadawa a tsakar gida. Kafin ya gyara tabarau igiya ta fara rawa. Ya ja: bakwai. Ya juya ga masunta yana jiran tafi.

"Akwai mai jan zare a nan?" in ji Dakta.

Tela ya laluba aljihu ya miƙa mata. Ta ɗaura ɗan zare sako-sako a wutsiyar kowane kifi, ta sake su cikin ruwa, ta ce a ƙara dusa a mayar da tarko, kuma Farfesa ya duba agogonsa.

Minti huɗu da daƙiƙa goma. Ya ja igiya. Kifaye bakwai, jan zare bakwai. Tarwaɗa tana kan gaba, bakinta a buɗe.



"Sannu da dawowa," in ji matarsa, tana kallon tarwaɗar. "Buhun dusata guda yana cikin nan."

Daga nan dariya ta ɓarke. Wani masunci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Dattijon bai yi dariya ba, ya matso ya leƙa tarkon kawai.

"Ashe kiwo kake yi, Farfesa," in ji shi. "Da ka faɗa mana, da mun taya ka da dusa."

"Wannan ma sakamako ne," in ji Farfesa, muryarsa ta ɗan sauka. "Ya nuna suna da ƙarfin halin dawowa."

"Waɗannan bakwai suna da shi," in ji Dakta. "Shiru, kawo naka."

Littafin Shiru ya sha ruwa, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Kifi sittin ne kawai a ciki. Amma a gaban kowanne ya rubuta da me ya kama shi, ko taru, ko fatsa, ko tarko, da kuma wurin, gefe huɗu na tafkin. Kowane kifi kafin ya sake shi yakan ɗan yanke bakin wutsiyarsa kaɗan, domin kada ya ƙirga shi sau biyu.

"Na tarko fa, yaya suka yi?" in ji Dakta.

"Saurin fita."

"Na taru?"

"Yawanci ba sa fita."

"Wannan da ka rubuta sa'a ɗaya da rabi, ka sa alamar tambaya?"

"Barci ya ɗauke ni. Na farka yana ciki."

Domin kowa ya gani, Dakta ta sa aka ja taru a nan take, aka ɗauko karfasa ɗaya aka sa a bahon matar Farfesa. Kifin ya shige ƙarƙashin rabin tukunya. Aka zuba dusa. Farfesa ya riƙe agogo, jama'a suka sunkuya. Minti biyar, ko wutsiya ba a gani ba. Minti goma sha biyar, mai aski ya ce ƙafarsa ta sage.

"Wannan ba na tafkin nan ba ne," in ji Farfesa.

"A gabanka aka fito da shi, Yaya," in ji Shiru.

Dakta ta juyo ga Farfesa, ba tare da faɗa ba. "Abin da nake shirin faɗa ke nan ranar da ka fita taya direba. Taru yana kwaso kowa, mai so da wanda ba ya so. Tarko kuwa kifi ne ke kai kansa. Wanda zai ga baƙon abu a ruwa ya kutsa kai saboda dusa, dama can jarumi ne, ko mai kwaɗayi. Matsoracin yana cikin ciyawa, bai taɓa zuwa kusa da littafinka ba. Ka tambayi waɗanda suka zo, ka rubuta amsarsu da sunan waɗanda ba su zo ba."

Farfesa ya ji ƙasa tana zamewa, sai ya kama abin da ya rage masa.

"Dakta, kifi dabba ne, yana iya kunyata mutum. Amma ki tambayi mutane. Kowa a unguwar nan ya san ni gwani ne. Kullum ana faɗa mini."

"Su wa ke faɗa maka?"

"Kowa! Ga tela, ga mai aski, ga mai faci. Kowace safiya suna ƙofar gidana."

"Me ke kawo su?"

"Ilimi."

"Shayi," in ji matarsa. "Da madara."

Dakta ta dubi tarkon da ke gaɓa, ta dubi mutanen uku. Tela ya sunkuya yana naɗe sauran zarensa da kulawa sosai. Mai aski ya ɗaga kai yana duba ko hadari zai haɗu. Dattijon masunta kuwa, wanda ya daure tun safe, a nan ne dariya ta ƙwace masa, har sai da aka riƙe shi.

Da aka koma ƙofar ɗakin bincike, Dakta ta ciro farar riga daga ƙusa ta miƙa wa Shiru. Hannuwan rigar sun yi masa tsawo, ya naɗe su sau biyu. Farfesa ya ga an naɗe su ba daidai ba, ya buɗe baki zai gyara, sai ya fasa. Matarsa ta zubar da ruwan baho, ta ɗora shi a ka, ta wuce gaba. Shi ya biyo ta da keji yana ɗiga.

Washegari da safe ya fitar da benci kamar kullum, amma ya ce kada a dafa shayi.

"Lafiya, Malam?"

"Gwaji zan yi."

Ya ajiye buta babu komai a ciki, ya buɗe sabon shafi, ya riƙe agogo. Tela ya fito, ya hango ba hayaƙi, ya ɗaga hannu daga ɗaya gefen titi ya wuce. Mai aski ya iso har bakin benci, ya ɗaga murfin buta, ya mayar, ya tuna cewa ya bar wani da rabin aski. Mai faci bai zauna ba, daga tsaye ya tambaya ko akwai labarin rediyonsa. Farfesa ya cika sa'a guda cif, domin kada a ce bai ba gwajin haƙƙinsa ba.

Can sai ga Shiru cikin farar riga, gefenta ya riga ya sha taɓo.

"Yaya, Dakta ta ce tana son bakwai ɗin nan a tanki. Ta ce ba ta taɓa ganin marasa kunya irinsu ba. Ta ce kai suka sani."

Farfesa ya gyara zama. "Na san za ta neme ni. Riga fa?"

"Guda ɗaya ce."

"To ka daina shiga taɓo da ita. Kuma a ƙusa ake rataye ta, ba a kan kujera ba."

"To, Yaya."

Matarsa ta yarda ta ba shi aron keji na sa'a ɗaya, amma ta ce ko ƙwayar dusa ba za ta ƙara fita daga gidan ba. Haka ya tafi ƙarƙashin bishiya da tarko wayam. Ya jefa, ya zauna a kan dutse, ba ya sa ran komai. Karfasa shida suka taso, suka zagaya tarkon sau ɗaya, suka ga babu abin ci, suka juya suka tafi. Ya bi su da kallo. Sun tuna masa da wasu mutane.

Yana shirin naɗe igiya sai ya ji ta yi nauyi. Ya ja. Tarwaɗa ce a ciki ita kaɗai, da jan zarenta, ta cika rabin kejin, tana kallonsa.

Farfesa ya daɗe yana kallonta shi ma. Sannan ya goge hannu a wando, ya buɗe littafi, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa:

"Babu shayi: mutum sifili. Babu dusa: kifi ɗaya."

Ya ɗan yi tunani, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, domin aiki ya cika:

"Ita ce ta jiya."